Sa'ad da Aka Miƙa Maka Takardar Sallama

Karatu: Ayyukan Manzanni 18:1-5, 18-28, Romawa 16:3-5
Ayar haddacewa: Kolosiyawa 3:23-24

Gabatarwa

Darasinmu na wannan karo domin wanda aiki ya kuɓuce masa ne, da kuma duk wanda yake zaune gida ɗaya ko ikkilisiya ɗaya da shi. Wani kamfaninsu ne ya rufe, wani rage ma'aikata aka yi, wani sharri aka ƙulla masa, wani kuwa rikici ne ya kore shi daga garin da yake neman abinci. Ko ta wace hanya abin ya zo, zafinsa ɗaya ne. Albashi ya tsaya, kuɗin makarantar yara bai tsaya ba, mai gidan haya kuma ba ruwansa da an sallame ka. Abin da ya fi rashin kuɗi ciwo shi ne wayewar gari. Maƙwabta suna ta shirin fita, kai kuwa ba inda ake jiranka.

Tambayar da ke zuciyar irin wannan mutum ita ce, "Ina zan sāke samun wurin aikin da raina zai kwanta?" Za mu nemi amsa daga wurin wani miji da matarsa a cikin Sabon Alkawari. Sa'an nan mu dubi mutanen Hartum da Umdurman a ƙasar Sudan, inda dubban mutane suka rasa aikinsu a lokaci guda har sau uku a cikin shekara 34.

1. Doka guda ta raba su da shagonsu

Akila Bayahude ne, haifaffen Fantas, a ƙasar da muke kira Turkiyya a yau. Shi da matarsa Bilkisu, wadda wasu juyi na Littafi Mai Tsarki suke rubutawa Firiskila, suna zaune a Roma, sana'arsu kuwa ɗinkin tanti. Wajen shekara ta 49 bayan haihuwar Almasihu, Sarkin Roma Kalaudiyas ya ba da umarni Yahudawa su fita daga birnin. Luka bai ce Akila ya cuci wani mai ciniki ba, bai kuma ce ɗinkinsa ba shi da kyau ba. Asalinsa kaɗai ne ya jawo masa kora.

Mu tsaya mu lissafta abin da mai sana'a yake rasawa in aka tashe shi. Ya rasa shago. Ya rasa masu cinikin da ya yi shekaru yana tarawa. Ya rasa bashin da yake bin mutane, gama wa zai biya mutumin da aka kora? Ya rasa sunan da ya yi a unguwa. Abin da ya rage wa Akila da Bilkisu bai fi cikin jaka guda ba: wuƙa, basilla, allura, sai kuma sanin da ke cikin hannuwansu.

Suka sauka a Korinti, birnin da ya dace da sana'arsu. Yana da tashar jiragen ruwa biyu, ɗaya ta gabas ɗaya ta yamma, fatake da matafiya ba sa yankewa. Kusa da shi kuma akan yi manyan wasanni kowace shekara biyu, baƙi su cika wurin suna bukatar tanti da rumfa. A nan suka sāke kafa shago. A nan kuma wani baƙo ya zo daga Atina, shi kaɗai, yana neman inda zai sami abin kai wa baka. Baƙon nan shi ne Manzo Bulus. Da yake sana'arsu ɗaya ce, sai ya zauna a gidansu suna aiki tare, ran Asabar kuma ya tafi majami'a yana bayyana Maganar Allah. Ya yi shekara ɗaya da wata shida a Korinti.

Daga nan suka bi Bulus zuwa Afisa. A can suka ji wa'azin Afolos, mutumin Iskandariya mai ilimi da iya magana, suka lura akwai abin da bai kai ga sani ba, suka ja shi gefe suka ƙara masa haske ba tare da sun kunyata shi a gaban jama'a ba. Gidansu ya zama wurin taron masu bi (1 Korantiyawa 16:19). Kalaudiyas ya mutu a shekara ta 54, sa'ad da Bulus ya rubuta wa Romawa kuma, wajen shekara ta 57, sai ga su sun koma Roma, ikkilisiya tana taruwa a gidansu. Bulus ya kira su abokan aikinsa, ya shaida sun sa ransu cikin hatsari dominsa, ya ce ikkilisiyoyin Al'ummai duka suna gode musu. Sau shida aka ambace su a Sabon Alkawari, ba a taɓa ambaton ɗaya a bar ɗaya ba.

Mu lura da kyau. Umarnin Kalaudiyas zalunci ne, kada mu sāke masa suna. Littafi Mai Tsarki kuma bai ce sun yi arziki daga baya ba. Abin da ya nuna mana shi ne, sarki ya iya ƙwace musu wurin aiki, amma bai iya ƙwace sana'arsu, da aurensu, da kiran da Allah ya yi musu ba. Da waɗannan uku suka gina sabon wurin aiki wanda amfaninsa ya wuce na farko.

2. Abin da ya faru a Hartum da Umdurman

Hartum, babban birnin Sudan, yana daidai inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa. A ƙetaren ruwa ta yamma akwai Umdurman mai tsohuwar kasuwa, ta arewa kuma akwai Bahri mai masana'antu. Gadoji ne suka haɗa biranen nan uku.

Karo na fari. Ranar 30 ga Yuni 1989 Umar al-Bashir ya yi juyin mulki. Sabuwar gwamnatin ta shiga korar ma'aikatan da ba ta amince da su ba, ta ce wai don maslahar jama'a ne. Dubban mutane suka rasa aikinsu: alƙalai, malaman jami'a, hafsoshin soja, jakadu, shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago. Da yawa suka fita zuwa Saudiyya da sauran ƙasashe neman abinci. Bayan da gwamnatin ta faɗi a watan Afrilu 2019 aka kafa kwamitin duba ƙorafinsu, aka mayar da wasu bakin aiki. Shekara 30 ke nan. Wanda aka kora yana ɗan shekara 35 ya riga ya kai 65, wasu kuwa sun riga mu gidan gaskiya.

Karo na biyu. A watan Janairu 2011 mutanen Kudancin Sudan suka yi ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi 99 cikin 100 suka zaɓi rabuwa, ranar 9 ga Yuli 2011 kuma Sudan ta Kudu ta zama ƙasa. Gwamnatin Hartum ta sallami 'yan asalin Kudu daga aikin gwamnati da na soja da na 'yan sanda, ta gyara dokar zama ɗan ƙasa yadda suka zama baƙi, ta ba su wa'adi zuwa 8 ga Afrilu 2012 su tafi ko su nemi takardun zama. Da yawa daga cikinsu Kirista ne, 'yan'uwanmu. Akwai waɗanda a Hartum aka haife su, da Larabci suka yi karatu, ba su taɓa ganin Kudu da idonsu ba. Dubbai suka tattara gadaje da tukwane suka tare a tashar jirgin ruwa ta Kosti suna jiran hanya wata da watanni, har a watan Mayu 2012 aka fara kwashe kusan mutum 12,000 ta jirgin sama zuwa Juba. A Juba kuma suka tarar Turanci ne harshen aikin gwamnati, takardun da suka samu da Larabci ba su da nauyin da suke da shi a da. A watan Disamba 2013 yaƙi ya ɓarke a sabuwar ƙasar, wasu suka sāke komowa Sudan, wannan karo da sunan 'yan gudun hijira. Wannan shi ne labarin Akila da Bilkisu a zamaninmu: doka guda, ba laifin da ka yi, asalinka ne kawai.

Karo na uku. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya tashi a tsakiyar Hartum tsakanin sojojin ƙasa da dakarun RSF. Bankuna da makarantu suka rufe, aka washe masana'antun Bahri, kasuwar Umdurman ta sha wuta da ganima, gwamnati ta ƙaura zuwa Port Sudan a bakin Bahar Maliya. Fiye da mutum miliyan 10 suka bar gidajensu a faɗin ƙasar. Wannan karo ba wanda ya rubuta wa kowa takardar sallama. Wurin aikin ne kansa ya ɓace. A watan Maris 2025 sojoji suka sāke karɓe Hartum, mutane suka fara komowa, da yawa suka tarar da ofis da shago sun zama kango.

Me wannan yake koya mana? Kujerar ofis zanen aro ce, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Alƙali da masinja, Musulmi da Kirista, mai digiri da marar digiri, duk abin ya shafe su. Saboda haka, ya ɗan'uwana, idan an sallame ka, kada ka yi saurin yanke wa kanka hukunci cewa Allah ya yashe ka ko kai ne ba ka da amfani. In akwai laifinka a ciki, ka tuba, ka gyara. In babu, kada ka ɗauki kayan da ba naka ba.

3. Abin da ba a iya ƙwacewa

Sudan ba baƙuwar ƙasa ba ce ga Bahaushe. Tun kafin zuwan mota da jirgin sama, mahajjata daga ƙasar Hausa suke ratsa ta da ƙafa zuwa Makka. In guzuri ya ƙare sai su tsaya su yi aiki, wani shekara ɗaya, wani har ƙarshen ransa. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya jagoranci jama'a zuwa can, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar. Da aka gama madatsar ruwan Sennar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, Hausawa da yawa suka yi aikin ƙwadago a cikinsu. Mutanen nan ba su isa Sudan da takardar ɗaukar aiki ba. Da noma suka isa, da fawa, da dukanci, da ƙira. Har ma gasasshen naman nan mai yaji da ƙuli-ƙuli da mutanen Hartum da Umdurman suka ƙaunata, sunansa a bakinsu "agashe", kalmar Hausa ce tsantsa. Sana'ar da wani ya ɗauko a hannunsa ta ratsa hamada ta ciyar da jikokinsa.

Ga wani misali kuma. Awadiya Mahmud Koko mace ce da iyayenta suka fito daga Kudancin Kordofan suka zauna a Hartum. A 1986 ta fara sayar da shayi a bakin titi don ta ciyar da iyalinta. Sana'a ce da mutane suke rena wa, hukuma kuma takan kai samame ta kwashe wa matan butoci da kujeru. A 1990 ta haɗa kan mata masu sayar da shayi da abinci suka kafa ƙungiyar taimakon juna. Hanyar ba ta zo da sauƙi ba, har ta yi shekara huɗu a kurkuku saboda bashi. Amma ƙungiyar ta girma ta kai dubban mata, a 2016 kuma gwamnatin Amurka ta ba ta lambar yabo ta mata masu jaruntaka. Daga murhun gawayi da butar shayi aka fara.

Malaman Yahudawa na dā sukan koyar cewa wajibi ne uba ya koya wa ɗansa sana'ar hannu. Shi ya sa Bulus, da dukan karatun da ya yi a wurin Gamaliyel, bai ji kunyar zama da basilla ba. Ya ce hannuwansa ne suka biya bukatarsa da ta abokan tafiyarsa (Ayyukan Manzanni 20:34). Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Sai ka zauna da takarda da alƙalami ka rubuta abin da aka bar maka. Me ka iya? Lissafi, tuƙi, koyarwa, gyaran waya, dafa abinci, kiwon kaji, aiki da kwamfuta? Su wa suka san amincinka? Tambayar da Allah ya yi wa Musa a jeji ita ce mene ne yake hannunsa (Fitowa 4:2), alhali sanda ce kawai ta makiyayi. Elisha ma ya tambayi gwauruwar da masu bashi suka matsa wa me take da shi a gida (2 Sarakuna 4:2). Allah yakan fara da abin da ya rage.

4. Yadda za ka gane wurin aiki mai gamsarwa

Mutane da yawa suna auna aiki da abu biyu kawai, albashi da muƙami. Shagon Akila da Bilkisu ya ba mu ma'auni huɗu.

Na ɗaya, abincin da za ka ci ba tare da lamirinka ya kāshe ka ba. Afisawa 4:28 ta umarci mai bi ya yi aikin gaskiya da hannunsa, har ya sami abin ba mabukaci. Kafin ka karɓi aiki, ka bincika. Za a sa ka sauya rasit? Za a sa ka rage mudu, ko ka yi wa mai ciniki ƙarya? Ana biyan ma'aikata a kan kari? Allah ya hana a kwana da haƙƙin ɗan ƙwadago (Littafin Firistoci 19:13), Yakubu 5:4 kuma ta ce kukan waɗanda aka danne wa lada yana kaiwa kunnen Ubangiji. Wurin da yake cin gumin wasu zai ci naka.

Na biyu, mutanen da za ka yi aiki da su. Abin da ya haɗa Bulus da wannan gida ya wuce ciniki, gama daga baya mutanen nan sun yarda su mutu dominsa. Ka lura da yadda maigidan wurin yake magana da mai gadi da mai shara, domin haka zai yi magana da kai ranar da ka yi kuskure. Ka tambayi wanda ya taɓa aiki a wurin ya bari, ka ji dalilinsa. Ƙaramin albashi a cikin masu mutunci ya fi babban albashi a inda ake ci maka fuska kowace safiya (dubi Karin Magana 15:16-17).

Na uku, amfanin aikin ga jama'a. A lokacin yaƙin da ya fara a 2023, matasan unguwannin Hartum da Umdurman da Bahri suka kafa abin da suka kira Ɗakunan Agajin Gaggawa. A cikinsu akwai likitoci, da malamai, da injiniyoyi, da ɗalibai, waɗanda yaƙi ya raba da aiki da karatu. Suka buɗe wuraren dafa abinci na jama'a da ake kira takaya, suna girka wake da kunu a manyan tukwane da gudummawar da 'yan'uwa suke aikowa daga waje ta wayar hannu. Suka gyara rijiyoyi, suka kwashe marasa lafiya. An kama wasunsu, an kashe wasu. Tushen aikin wata tsohuwar al'adar Sudan ce da ake kira nafir, wato abin da mu muke kira gayya. A 2025 aka ba su lambar yabo ta Rafto a ƙasar Norway da ta Right Livelihood a ƙasar Sweden. Yawancinsu Musulmi ne, kuma akwai abin koyi gare mu a wurinsu. Ba albashi suke karɓa ba, amma ba wanda zai ce musu marasa aikin yi. Wannan ba ya nufin ka yi ta aikin kyauta iyalinka suna kwana da yunwa. Yana nuna mana ne cewa babban rabo na gamsuwar aiki yana zuwa daga sanin cewa wani ya amfana da kai yau. Ka tambayi kanka, in na yi aikin nan da kyau, wa zai ji daɗi?

Na huɗu, sarari domin Allah da iyali. Bulus yakan ajiye basilla ran Asabar ya tafi majami'a. Akila da Bilkisu sun sami lokacin zama da Afolos, da na karɓar masu bi a gidansu. A Sudan hutun mako Juma'a da Asabar ne, Lahadi ranar aiki ce, saboda haka dole mai bi a can ya yi tunanin yadda zai sami zuwa sujada tun kafin ya karɓi aiki. Mu ma sai mu yi wannan tunani. Aikin da ya cinye sujadarka, 'ya'yanka kuma ba sa ganinka sai suna barci, yana karɓa daga gare ka fiye da abin da yake biya.

Sai dai mu faɗi gaskiya, aikin farko da za ka samu bayan sallama da wuya ya cika ma'aunan nan duka. In ya cika na ɗaya, wato aikin gaskiya ne, ka karɓa, ka yi shi da zuciya ɗaya kamar ga Ubangiji kake yi, kana addu'a kana kuma duba gaba. Bulus ma da Sila da Timoti suka iso daga Makidoniya sai ya duƙufa ga wa'azi (Ayyukan Manzanni 18:5). Akwai aikin da gada ne, ana bi ta kansa a haye.

5. Tarkuna huɗu a lokacin jira

Tarko na fari shi ne zaman jiran a mayar da kai. Daidai ne ka bi haƙƙinka. Ka nemi kuɗin sallama da fansho, ka adana takardunka, ka kai ƙara in an zalunce ka, gama Bulus ma ya tsaya a kan 'yancinsa na ɗan ƙasar Roma (Ayyukan Manzanni 22:25). Amma ka tuna da mutanen 1989 da shekarunsu 30. Ka bi haƙƙinka da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana aiki. Akila da Bilkisu sun koma Roma daga baya, amma ba su zauna a bakin ƙofar birni suna jiran mutuwar Kalaudiyas ba.

Na biyu shi ne kunya. Akwai magidancin da yakan sa riga kowace safiya ya fita kamar mai zuwa ofis, don kada matarsa ta sani. Ya ɗan'uwa, ka gaya mata a ranar da abin ya faru. Ku zauna tare ku lissafta abin da ke hannu, ku rage abin da za a iya ragewa, ku je wurin mai gidan haya da shugaban makarantar yara tun kafin su aiko. In kuma sana'ar uwargida ce za ta riƙe gidan na ɗan lokaci, ka gode wa Allah, ka taimake ta. A wurare da dama sunan Bilkisu ne yake zuwa kafin na mijinta, ba mu kuwa ji Akila ya yi fushi ba. Girman kai rawanin tsiya ne.

Na uku shi ne ɗacin rai. Wanda yake kwana yana tashi da sunan wanda ya kore shi, har yanzu yana yi wa mutumin aiki, ba kuwa albashi. Yusufu ya rasa aikinsa a gidan Fotifar saboda ƙazafi, amma a kurkuku ma ya yi aiki da aminci har aka danƙa masa kome (Farawa 39). Ka kai ƙararka ga Allah, ka gafarta, ka sauke kayan.

Na huɗu shi ne gajeriyar hanya: caca, bashi mai ruwa, sayar da kayan sana'a don a ci, ko ba da kuɗi ga wanda ya ce zai sayar maka da gurbin aiki ko ya ƙetarar da kai hamada zuwa Turai. Wanda ya nemi kuɗi kafin ya ba ka aiki, kai ne cinikinsa.

Maganin tarkunan nan shi ne ka riƙe tsarin yininka. Ka tashi a lokacin da ka saba, ka yi addu'a, ka fita. A cikin misalin da Yesu ya bayar a Matiyu 20, maigidan gona ya sami wasu ma'aikata da ƙarfe biyar na yamma. Ya same su ne domin har a lokacin suna tsaye a inda ake ɗaukar ma'aikata. Mai nema yana tare da samu.

6. Kalma ga ikkilisiya

Shagon Korinti ya tsaya ne domin korarru biyu sun buɗe wa baƙo ƙofa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ɗan'uwa ya rasa aiki, kada mu zama kamar abokan Ayuba masu tonon zunubin da ya jawo masifa. Dattawa su ziyarce shi a makon farko. Kafinta, da tela, da makaniki, da mai shago a cikinmu su buɗe wa wani wurin koyo. Zumuntar mata da ta maza su yi adashi domin jari. Wanda ya ji labarin gurbin aiki ya kawo. Mu da muke da ma'aikata a ƙarƙashinmu, har da ikkilisiya kanta, mu biya su a kan kari. Mu kuma tuna da mutanen Sudan da Sudan ta Kudu cikin addu'a, Allah ya ba su salama, ya sa albarka ga hannuwan masu sāke gini.

Tambayoyi domin nazari

1. Me Akila da Bilkisu suka rasa a Roma, me kuma suka fita da shi?
2. In aikinka ya tsaya gobe, wace sana'a ce take hannunka? In babu, wacce za ka fara koyo a wannan shekara, a wurin wa?
3. A cikin ma'aunan nan huɗu, wanne ne wurin aikinka na yanzu ya cika, wanne ya kāsa?
4. Wane ne ya rasa aiki a ikkilisiyarku? Me za ku yi masa kafin Lahadi mai zuwa?

Addu'a

Ya Ubanmu na Sama, kai ne ka sa Adamu a gona ya yi aiki tun kafin zunubi ya shigo. Ka dubi bayinka da aka sallama, da waɗanda yaƙi ya raba da sana'arsu. Ka cire musu kunya da ɗacin rai, ka buɗe idonsu su ga abin da ka bari a hannunsu, ka haɗa su da mutanen kirki. Ka ba su aikin gaskiya wanda zai ciyar da iyalinsu, ya amfani jama'a, ya kuma kawo ɗaukaka ga sunanka. Muna roƙo a cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.